Injin 911 ɗinmu ya tashi, amma ina da magana kan kanikawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wasu mutane da ba kasafai ake tuna su ba sai in za a zage su, wato kanikawan manyan motoci masu shan gas, wato dizal. Kullum in aka zo maganar tsadar abinci sai ka ji ana cewa direbobi ne, 'yan kamasho ne, masu motoci sun cika haɗama. Ban ce duk ƙarya ba ne. Amma buhun albasar Aliero ko shinkafar Argungu ko busasshen kifin Yauri ba ya tashi sama ya sauka Legas, a bayan mota yake zuwa, motar nan kuma inji ke janta, injin nan kuma yawanci ya girmi yaron motar da ke kwana a kan lodin. Wanda ya hana shi mutuwa shi ne mutumin nan mai baƙin kaya da ke ƙarƙashin dogon yaro a bakin titi.

Ni tsohon direba ne, yanzu kuma ina kula da motar yayana, Marsandi 911, irin mai guntun hanci ɗin nan da ake yi wa bodin katako. Matasa na ganinta suna dariya. To ku sani injin da ke cikinta, OM352, tun 1964 Marsandi suka fito da shi, silinda 6 a jere, lita 5.7, ƙarfin doki wajen 130 in ba mai turbo ba ne, wato na'urar ƙara wa inji iska. A nan ƙasar ma an harhaɗa irin waɗannan motoci a kamfanin ANAMMCO na Inugu da aka buɗe a 1980, zamanin da Steyr ke Bauchi, Fiat ke Kano, Leyland ke Ibadan, Fijo ke Kaduna. Galibinsu sun zama labari, motocin dai suna nan suna fama a hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yauri zuwa Kwantagora.

Tamu ta fara nuna gajiya ne a hankali. Hayaƙi shuɗi, shan baƙin mai kamar me, da safe ba ta tashi sai an tura, in ta zo tudu da lodi kuwa sai dai ka koma giya ɗaya kana salati. In ka buɗe murfin mai kana jin inji na huro maka iska a hannu, to kwamfireshin ya zube kenan, ringi sun cinye. Shi injin gas ba shi da fulogi irin na fetur, matse iska yake yi har ta yi zafi sannan nozil ya fesa gas ya kama da kansa, saboda haka in matsin nan ya ragu komai ya ragu. Dama kanikawa na da karatunsu na hayaƙi, shuɗi mai yake ƙonawa, baƙi gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari kuwa ko gas bai ƙone ba ko ruwa ya samu hanyar shiga.

Yayana ya so a sayi inji na Beljiyam a ɗora kawai a huta. Da aka ji kuɗi sai kowa ya yi shiru. Dala da take wajen ₦460 a banki kafin watan Yunin 2023 ta haura ₦1,500 a farkon 2024, duk wani ƙarfe da ya tsallako teku kuma da ita yake tafiya. Ga shi injin gwanjo sayen kifi ne a ruwa, an wanke shi an shafe da fenti, cikinsa Allah kaɗai ya sani. Ogan garejinmu, wani dattijo Bagobiri da ya fi shekara 40 yana wannan aiki, ya sa kunne ya saurara, ya ɗan taka totur da hannu ta wajen famfo, yace "Alhaji wanga inji bai mace ba, gajiya ta yay yi. Ku bari mu kwance shi mu ga abin da shika ɓoyo." Haka aka yi.

A nan ne nake so masu karatu su gane abin da nake nufi. Garejin nan ba shi da cen bulok na ɗaga inji, na maƙwabci aka aro, shi ma maƙwabcin bai tsaya ba da aro kawai ba sai da ya turo yaransa biyu suka kama. Sifanar awo da ake ɗaure hedi, wato murfin saman inji, da ita guda ce a layin gaba ɗaya, yau tana nan gobe tana can, kuma ban taɓa jin an ce ta ɓace ba. Abin auna kaurin karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, yana wajen wani mai tana, mai injin yankan ƙarfe, shi ya tako da ƙafarsa bayan la'asar ya auna bai karɓi ko sisi ba, shayi kawai ya sha. Wallahi a kasuwa ban ga inda 'yan sana'a ɗaya masu neman kwastoma ɗaya suke yi wa juna haka ba.

Da aka kwance, oga ya sa aka shimfiɗa buhuna aka jera kaya kamar ana nuna lefe, fistin na ɗaya zuwa na shida kowanne da alamarsa da aka buga da ƙusa, kowace kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, da murfinta, don in ka musanya murfin wata da na wata to ka haɗa wa kanka masifa. Yara suka zauna wanki da kalanzir da buroshi, aka bi ramukan mai na cikin bulok ɗaya bayan ɗaya ana hurawa. Wannan wankin mutane ke rainawa, alhali ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a hanyar mai ita za ta cinye sabon metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, cikin mako, kuma mu nan ƙasar ƙura ce, in hunturu ya shigo har a haƙori kana jinta.

Karanshaf ya yi zane, dole aka aika shi Kano a yanka shi zuwa 010, wato a ɗan rage kaurinsa, aka nemo metal daidai da shi. Shi kuma bulok ɗin wannan inji ba irin mai silif, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, da ake zarewa da hannu ba ne, ko dai a yi masa borin a sa fistin obasaiz ko a buga masa silif a mayar da shi sitanda, mu na biyun muka zaɓa. Kuma yadda kayan suka je suka dawo ma abin a faɗa ne, wani direban DAF da zai je ɗaukar kaya ya saka su a bayan kujerarsa, wani daban ya dawo da su, ba rasit ba komai sai waya da amana. Mai sayar mana da ringi da gasket wani Ibo ne da yayana ya daɗe yana hulɗa da shi, ya ba da kaya rabi bashi yace in mota ta yi lodi biyu a turo.

Sai dai da farko ba wajensa aka je ba. Wani yaro mai shago ya kawo ringi a kwali mai kyau da tambari da komai, kuɗi kusan rabi. Oga ya zaro ɗaya ya saka cikin silinda ya tura shi da kan fistin ya duba tazarar bakinsa da fila geji, ya zaro ya ɗan buɗa shi da yatsu, ƙas, ya karye. Ya miƙa wa yaron guntayen bai ce uffan ba. Jabun kaya shi ne babban abin da ke ɓata sunan kanikawa a yau, mai mota ya je ya sayo mai araha da kansa, bayan wata uku inji ya buga, sai ya bi gari yana cewa makaniken ne bai iya ba.

Ba na wanke su duka fa. Akwai marasa tsoron Allah da za su karɓi kuɗin sabon fistin su goge tsohon su mayar, akwai masu ɗaure hedi da bututu a jikin sifana suna dannawa da ƙafa har sai noti ya yi kuka, akwai wanda zai ce maka jibi, jibin nan kuma sai bayan salla. Amma su kansu 'yan layin sun san su, kuma in ka tambaya a hankali wajen mai shayi za a nuna maka ƙofar da ba a shiga.

Ranar haɗawa ita ce na fi jin daɗi. Yaran da ke koyo aka ba su aikin garandin bawul, su shafa man nan mai tsakuwa su riƙa murza sanda tsakanin tafukansu har bakin bawul ya zauna lif da kujerarsa, sannan a kifa hedi a zuba kalanzir a gani ko zai tsiyaya. Ringi kuma ba a jera bakinsu layi ɗaya, kowanne ana juya shi gefe daban don kar matsi ya samu hanyar gudu. Duk metal sai an shafa masa mai kafin a rufe, duk murfin da aka ɗaure sai oga ya juya karanshaf da hannu ya ji ko ya cije. Hedi daga tsakiya ake fara ɗaure shi a yi waje, kaɗan kaɗan, zagaye bayan zagaye. Wani yaro ya yi gaggawa ya fara daga gefe, oga yace "Kai ɗan nan, wa ka koranka? Kwance shi ka sake." Yana yi yana yi masu bitar yadda silindodin ke kamawa, 1-5-3-6-2-4, yaran na maimaitawa, wanda ya kuskure ya sayo ƙosai.

Famfon injekta da nozil kuwa ba kowa ke taɓa su ba. Akwai wani Bayarabe da ya daɗe a ƙasar nan har Hausarsa ta fi tawa karin magana, shi ne gwanin. Kun san wasan Gobirawa da Yarabawa, to tun daga bakin gareji suka fara, wannan yace bawana ya iso, wancan yace ina ka taɓa ganin ubangida da zane a fuska har kunne, ana ta shewa, amma da ya zauna gwada nozil sai wurin ya yi tsit. Yana danna hannun na'urar yana kallon feshi, mai ɗiga ya ajiye gefe, mai feshi kamar hazo da ƙara ƙirrr yace wannan ya yi. Nozil mai ɗiga shi ke sa baƙin hayaƙi da shan gas, wani lokaci har ya huda kan fistin. Kuma gas yanzu ba abin wasa ba ne, a farkon 2022 lita ba ta kai ₦300 ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura ₦800, daga baya ta wuce ₦1,000. Motar da ke ɓarnar lita kaɗan a kowace tafiya daga nan zuwa Kudu, lissafa ka gani a shekara, kuma a kan buhun albasa za a fanshe.

Da aka ɗora inji aka cire iska da ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fitowa, kafin a murza makulli garejin ya cika. Masu DAF sun zo, masu Howo sun zo, mai walda, mai faci, lantirishan, har mai fura ta ajiye ƙwarya. Masu Howo na tsokana wai a kira mai sayen gwangwan ya zo ya auna, mu kuma muna cewa taku in fitila ɗaya ta kama a dashbod sai kun jira mai kwamfuta daga Kaduna. Aka yi bismilla. Bugu na farko ta yi tari ta mutu, na biyu ta kama, ta yi farin hayaƙi na ɗan lokaci ta washe, duk ido na kan agogon matsin baƙin mai, da allura ta tashi sai kabbara. Yayana ya aika aka sayo tsire. Wani ya ɗauki ƙarar injin a waya ya tura gurup ɗinsu na WhatsApp, kafin a gama cin naman wani makanike daga Gusau ya turo murya yace tafet ɗaya, wato ƙarfen da ke buɗe bawul, na ɗan magana a duba, aka duba kuwa haka ne. Oga ya kafa sharaɗi, ba cikakken lodi a tafiyar farko, ba gudu, a juye mai da wuri a canza filta, a dawo a sake bin notocin hedi.

Wannan zumunci har kan hanya yake. In ka ga an zuba ganye a titi mota ta lalace, da wuya babbar mota ta wuce ba ta tsaya ta tambayi ko ruwa ko jak ko fambel ake nema ba. Yanzu kuma da halin tsaro ya zama abin da ya zama a wasu hanyoyin Zamfara da Kebbi da Neja, lalacewar mota a daji da magariba ba maganar asarar kaya ba ce kawai, maganar rai ce. Shi ya sa nake roƙon masu motoci, in oga yace a canza abu a canza, kar a ce lallaɓa mana ta je ta dawo.

Abin da ke damuna shi ne gaba. Sababbin manyan motoci da yawa kwamfuta ke sarrafa feshin gas ɗinsu, kunne da sifana kaɗai ba za su isa ba, yaranmu na gareji kuma da yawansu ko firamare ba su gama ba, amma ka ba su waya ka ga abin mamaki. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, akwai wata irinta ta tarayya a Ƙauran Namoda, akwai hukumar NADDC ta harkar motoci. Me zai hana a shirya wa yaran nan gajeren kwas na yamma ko na ƙarshen mako, da Hausa, kan na'urar gano matsala da wayarin, ba tare da an ce sai sun kawo takardar sakandare ba? A ɗauko irin su oga su ma su koyar da ɗaliban injiniya yadda ake jin inji, don na ga mai difloma da bai san inda ake cire iska ba.

Ƙungiyar kanikawa ta NATA da NARTO ta masu motoci su ma da nasu. In kowane mai mota a Jega da Birnin Kebbi da Argungu zai riƙa ajiye wani abu kaɗan a kowane lodi, ba na jin za a daɗe ba a sayi injin yankan karanshaf da bencin gwada famfo na haɗin gwiwa ba, a ajiye su wuri ɗaya mai rumfa da daɓen siminti da sola, a sa ma'aji mai amana, a daina haɗa inji a kan yashi iska na kaɗawa. Gwamnatin jiha in ta ba da fili ma ta yi nata. Na yi wannan maganar da shugabannin tasharmu sun ce a kawo ta taron wata mai zuwa, duk mai mota ko makanike da ya karanta wannan kuma yake kusa, ya daure ya zo.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani tsohon direba,
daga Jega, Jihar Kebbi.