Ku Tambaye Su Ƙarfe Nawa Suke Taro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka. Na saurari shirinku na makon jiya kan mata da siyasa, na kuma ji daɗinsa, sai dai baƙin naku sun ƙarar da lokacinsu kaf a kan lissafin kujeru: mata nawa ne a majalisa, kashi nawa ya kamata a ware musu. Ni na yi kansila zango guda, mu biyu ne mata a zauren, shi ya sa nake son a taɓo abin da ke biyo bayan rantsuwa.

Ware kujeru yana da amfani, ban musa ba. Ruwanda ta sa kashi 30 cikin 100 a tsarin mulkinta na 2003, zuwa 2008 mata suka fi maza yawa a majalisar wakilanta, abin da ba a taɓa gani ba a duniya. Nijar ta yi tata dokar a 2000, Senegal ta yi ta raba-daidai a 2010. Amma Indiya ce ta fi ɗaukar hankalina, domin ita daga ƙauye ta faro. Gyaran tsarin mulkinta na 73, wanda ya fara aiki a 1993, ya ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka, har da ta shugaba. Masana tattalin arziki biyu, Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo, sun bi diddigin abin a jihohin Bengal ta Yamma da Rajasthan, suka wallafa a 2004 cewa ƙauyukan da aka ware wa mace shugabancinsu sun fi zuba kuɗi a ruwan sha. Ban yi mamaki ba. Wadda ke ɗaukar tulu ita ta san nisan rijiya.

To a Indiyar nan dai har suna aka laƙaba wa wasu maza, “sarpanch pati”, wato mijin shugaba. Sunan matar ne a takarda, shi kuwa gogan shi ke zama a kujera, hatimi yana aljihunsa.

Ni ba wanda ya zauna min a kujera, wata hanyar aka bi da ni. Zaman majalisa ƙarfe goma na safe ne, kuma ban taɓa makara ba. Ranar da aka kawo kasafin kuɗi na farko, na duba shafi-shafi ina neman rijiyar burtsatse biyu da na nema wa mazaɓata, babu ko ɗaya. Na ɗaga hannu. Wani abokin aiki ya matso ya ce min a hankali, “Hajiya, ai an gama wannan maganar jiya.” Jiyan nan, ashe, ƙarfe goma sha biyun dare ne a falon wani jigon jam'iyya. Zaman safe na sa hannu ne kawai.

Na ce to, nan gaba da ni za a yi. Na je sau ɗaya, ƙanena ya raka ni, ya jira a mota har biyun dare. Na samu rijiya ɗaya. Kafin in tashi daga barci labari ya riga ya kai kunnen surukata, kuma ba a yadda ya faru ba. Gaba kura, baya sayaki: in kin je a taɓa mutuncinki, in kin ƙi zuwa a ce ai da ma mace ba ta iya siyasa ba.

Akwai kuma aikin da ba ya shiga kundin zama. Tun asuba mata ke sallama a ƙofata, wannan da takardar asibiti a ƙulle a bakin zani, waccan mijinta ya kore ta da goyo, wata kuma 'yarta aka ci wa zarafi tana tsoron zuwa wurin 'yan sanda ita kaɗai. Maganganu ne da ba za su iya faɗa wa kansila namiji ba, don haka har daga mazaɓun da ba nawa ba suke zuwa. Alawus iri ɗaya muke karɓa da mazan.

Roƙona, Malam Edita, ku sake shirin. Ku gayyato shugabannin jam'iyyu na ƙananan hukumomi, ku tambaye su kai tsaye a ina suke yanke shawara, da ƙarfe nawa, kuma me ya hana a yi da rana a ofis. Ku nemo matan da suka yi zango ɗaya suka haƙura, ku ji daga bakinsu. Ɗayar macen da muka yi kansila tare ba ta sake tsayawa ba, ni ma haka, kuma maza ne suka gaje mu duka biyun.

Wassalam.

Mai sauraronku kullum,
Tsohuwar kansila