Masu sayen babur mai batir, ku riƙa tambayar naɗin koyil

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da 'yan'uwana masu shirin komawa babur mai batir. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, zancen ya yawaita a Kaduna, amma tambaya biyu kawai nake ji a bakin masu saye: wat nawa ne, kuma yaya gudunsa? Ni sana'ata naɗin koyil ce, wato wayar da ake naɗawa a cikin inji, a Panteka, na fanka da janareto da injin ban-ruwa, yanzu kuma tayoyin waɗannan babura sun fara zuwa mana a ƙone. Abin yana damuna, domin kuɗi ne masu yawa talaka ke zubawa.

Injin da ake sakawa a cibiyar taya iri biyu ne. Akwai mai giya, ƙarami mara nauyi, wanda yakan juya wajen sau biyar kafin taya ta juya sau ɗaya, haƙoran giyarsa kuma galibi na roba ne mai tauri. Ɗalibi ko ma'aikaci mai keke na wat 250 zuwa 500, wannan ya ishe shi. Amma wanda zai ɗauki fasinja ga buhun masara a baya, ya cire ransa daga kansa, don zafi ba ya samun mafita a cikinsa, haƙoran kuma ba su jure lodi. Babban aiki sai mara giya: koyil a tsaye a tsakiya, maganaɗisu na zagaye shi, ba abin da ke ci sai boris. Yana da nauyi, gaskiya ne, amma faɗin jikinsa ke fitar da zafi, kuma in kwanturola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji daga batir, ta dace yakan mayar da ɗan caji cikin batir lokacin taka birki.

To, Malam Edita, ga inda gizo ke saƙar. Inji iri ɗaya, girma ɗaya, ana yi masa naɗi daban-daban. Ɗauki QS205 na ƙasar Sin, wanda ake sayarwa da sunan wat 3000: za ka ga an rubuta 3T ko 4T ko 5T. Lambar nan ita ce yawan zagayen da waya ta yi a kan kowane haƙorin ƙarfen da ake naɗa koyil a kai. Zagaye kaɗan da waya mai kauri, taya ta fi gudu a batir ɗaya. Zagaye da yawa da waya siririya, gudu ya ragu, amma kowace amfiya, wato ma'aunin yawan wuta, tana ba da ja mai yawa. Dillali ya san saurayi gudu yake so, sai ya miƙa masa 3T.

Kada a fahimce ni a baibai, naɗi ba ya ƙirƙiro ƙarfi. In nauyin jan ƙarfen da ke ciki ɗaya ne, zafin da koyil zai yi wajen jan kaya ɗaya kusan daidai yake. Bambancin shi ne, kafin 3T ya ja abin da 5T ke ja, sai an ɗura masa wuta fiye da ninki ɗaya da rabi, wutar nan kuma ta cikin kwanturola za ta bi, sannan ta wayoyi uku da aka cusa a ɗan ramin ƙarfen tsakiyar taya. Shi kuwa zafin waya, in wuta ta ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa nake yawan ganin robar wayoyin nan ta narke, ko kwanturola ta mutu.

Yanzu a dubi tuƙinmu. Daga Kawo zuwa Kasuwa ta titin Ali Akilu da Ahmadu Bello Way, ko cikin lungunan Rigasa da Tudun Wada, tashi ne da tsayawa, ga rami ga cunkoso. Inji ya fi aiki ba tare da ɗaukar zafi ba idan yana juyawa kusa da iyakar gudunsa. Wanda aka naɗa don tseren babbar hanya, in ka tsare shi a tafiyar gari da lodi, ga totur a murɗe, wuta mai yawa zafi take zama. Ƙara da ranar Maris da Afrilu. Maganaɗisun da ke ciki, in ƙaramin aji ne, daga zafin digiri 80 na Celsius yake fara rasa ƙarfinsa, kuma ba ya dawowa. Koyil in ya ƙone zan sake naɗa shi, maganaɗisun da ya sane kuwa sai dai sabo.

Don haka mai aikin cikin gari ya nemi mara giya mai zagaye da yawa, kamar 5T a batir mai bolt 72. In yana son ƙarin ja, ƙaramar taya ta fi babba. Ya kuma duba wayar: jan ƙarfe ne zalla ko alminiyam aka shafa wa ja? Alminiyam mai kauri ɗaya kusan kashi 60 cikin 100 kawai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka, kankara ɗaya da wuƙa za ta nuna farinsa. Kada kuma a hau babban inji ba tare da ƙarfen da ke riƙe tsakiyar taya da firam ba, domin in tsakiyar ta juya, wayoyi take tsinkawa, wani lokaci har taya ta fice.

Roƙona ga dillalai shi ne su riƙa rubuta lambar naɗi da amfiyar kwanturola a rasit. Wanda ya ce bai sani ba, ya tambayi inda ya saro kafin ya karɓi kuɗin mutane.

Naka,
Wani mai naɗin koyil,
Panteka, Kaduna.