Zanzaron da ke kare gero yana koyon ƙamshi, a sake shi a kan kari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi tsokaci kan ɗan ƙaramin zanzaron nan Habrobracon hebetor, wanda ake saki a gonakin Maraɗi da Zinder domin yaƙar murzuna, tsutsar da ke huda zangarniyar gero. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Macen ce ke aikin: ta harbi tsutsa ta shanye mata jiki, ta saka ƙwai a kanta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta.

To, yaya take gano tsutsar da ta ɓuya cikin zangarniya? Da ƙamshi, kuma koyonsa take yi. A 1988 Lewis da Tumlinson, masana a Amurka, sun nuna cewa wani zanzaro ɗan'uwan wannan, Microplitis croceipes, in ya taɓa kashin tsutsa da ƙahonninsa yana shaƙar wani ƙamshi, sai ya riƙe ƙamshin ya riƙa binsa, ko da na banila ne. A 1990 kuma Turlings da abokan aikinsa suka gano cewa masarar da tsutsa ke ci tana fitar da wani ƙamshi na daban da ke jawo zanzaro. Amma fa in ya yi ta bin ƙamshi bai tarar da komai ba, darasin dushewa yake yi.

Shi ya sa lokaci ya fi komai. Ga yadda ake sakinsa: ana zuba gero da garinsa a 'yar jakar algarara, da tsutsar hatsi 25 da macen zanzaro 2 da suka yi barbara. Jaka 15 ake rabawa ƙauye guda. Bayan kamar kwana 8 sababbin zanzaron da aka haifa a cikin jakar ke fara fitowa, don haka a rataye jakunkunan lokacin da gero ke fidda kai, yadda fitowarsu za ta dace da bayyanar tsutsa. Wanda ya gaggauta ya saki zanzaro a gonar da babu abinci. Wanda ya makara ya tarar murzuna ta ci rabin zangarniya.

A rataye a inuwa, inda ruwan sama ba zai jiƙa garin ya yi fumfuna ba, nesa da tururuwa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne feshi. Maganin ƙwari kan hallaka zanzaron ya bar tsutsar da ke ɓoye. Muna roƙon masu unguwanni su tara manoma a yi shawara, kowa ya ajiye famfon feshi har mako uku bayan an rataye jaka.

Wassalam,
Wasu malaman gona, Maraɗi