Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Saƙa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Safar da muka yi wa gidan marayu alkawari kafin sanyi ba ta samu ba, kuma ina ganin ƙorafin da ake yi a WhatsApp kamar kwamiti ne ya yi barci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ulu bai sauko ba. Zaren da muke hula da shi kuma ba ya jure safa, nan da nan diddige ya ɓule. Wanda ake so shi ne mai ulu kashi 75 da nailan kashi 25, ga tsada ga wuyar samu. Da me za a saya? Kuɗin wata-wata na mambobi sai an bi mutum har gida, wata ta ce Alhaji bai dawo ba, wata ta daina ɗaga waya. Ni ma ina da yara da girki. Abin da aka saƙa yana wurin ma'aji, wasu ma wari ɗaya ne babu ɗan uwansa.

Abin da ya faranta mana rai shi ne ranar koyon rage ido, wato rage yawan madaukan zaren da ke kan tsinke don safa ta bi siffar ƙafa. Malamar da ta zo mana daga Jos, Allah ya saka mata da alheri, ko kuɗin mota ba ta karɓa ba. Kallo ɗaya ta yi wa safarmu ta gano matsalar: rage iri ɗaya muke yi a gefe biyun ƙafa, shi ya sa gefe guda ke fita sumul, ɗayan kuma a karkace. Idan kika haɗa ido biyu kika saƙa su tare, ragin yana kwantawa ne ta dama. Mai kwantawa ta hagu kuwa sai kin zare ido ɗaya zuwa tsinken dama kamar za ki saƙa shi, ki zare na biyu haka, ki zura tsinken hagu ta gabansu, sannan ki saƙa su tare. Bayan diddige ana rage ɗaya a kowane gefe, zagaye ɗaya a rage, ɗaya a wuce, har idon ya koma 64 ɗin da aka fara da shi a tsinke mai milimita 2.5. A wajen yatsu kuwa huɗu ake ragewa a zagaye, biyu sama biyu ƙasa. Ta sa kowa ta warware ta sake, har iyayenmu da suka girme ta a saƙa, aka yi ta dariya da tsiya. La'asar ta yi babu mai son tashi. Ƙanana biyu daga cikin sababbinmu sun riga manya ganewa.

Waɗanda ba su zo ba, har da masu cewa su ne suka fi matsa lamba a shirya taron, don Allah ku daina turo mini hoton safa tsakar dare kuna tambayar inda kuka ɓata. Ku zo taro a nuna muku.

Rabon ulu na gaba na waɗanda suka biya bashinsu ne kawai, kwamiti ya amince da haka. Masu aron tsinkayen ƙungiya kuma su dawo da su cikakku, guda biyar-biyar kamar yadda suka ɗauka, kafin taron wata mai zuwa.

Sakatariya