Fim ɗin da ake zagi a fada, ake kallo a ɗaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a nan Damagaram tun bayan ƙaramar sallah, wato maganar fim ɗin nan na dariya da soyayya da wata tasha ta haska a tele da daren sallah, daga baya kuma ta yi ta maimaitawa. Ba zan kama sunan fim ɗin ba balle na tashar, kar a ce biyana aka yi in yi talla. Wanda ya kalla ya san wanda nake nufi, wanda bai kalla ba kuma ga shi a taƙaice: wani magidanci ne matarsa ta rasu ta bar masa yara uku, yana zaune da tsohuwarsa, sai yaran suka ƙulla a junansu sai sun haɗa shi da wata bazawara maƙwabciyarsu mai ɗinki, ita kuma tsohuwar tana da tata ƴar takarar, ɗiyar ƙanwarta. Yara na ɗaukar wayar uban a ɓoye suna tura wa bazawara saƙon soyayya shi bawan Allah bai ma san yana neman aure ba. A ƙarshe dai an sha biki, shi ke nan.

Ni sana'ata gyaran waya da turin fim a wani ɗan shago kusa da kasuwar Dole, don haka abin da mutane ke faɗa da baki ina jin sa, abin da suke saye da kuɗinsu kuma ta hannuna yake bi, kuma wallahi biyun ba su cika haɗuwa ba.

Samarin fada, wato majalisar hira da shan shayi ta unguwa, su ne kan gaba wajen zagi. In ka zauna ana zuba shayi sai ka ji an ce ai wannan fim ɗin mata ne, ba faɗa ba bindiga ba ko mota ɗaya da ta ƙone, kuma tun minti biyar na farko kowa ya san wa zai auri wa. To ni dai a cikin masu wannan maganar akwai waɗanda washegari suka zo shago suka miƙo katin waya suna kallon gefe, wai a sa musu don ƙanwarsu ce ta dame su. Wani dattijo ma, babban mutum da rawaninsa, ya tsaya sai da shago ya yi sauƙi sannan ya sunkuyo ya ce min "ɗan nan, wancan na yaran da ke neman wa ubansu aure, sa min shi, Hajiya ce ke so." Na ce "to Baba, an gama." Ina cikin turawa yana ba ni labarin wurin da tsohuwar ta ɓuya bayan labule tsintsiya a hannu, yana dariya har da share hawaye da bakin rawani. Ban ce masa komai ba, na karɓi dala ashirin ɗina na sefa na yi masa a gaida Hajiya.

Batun an san ƙarshe tun farko kuwa ba ya damuna ko kaɗan. Kowa ya san ɗanɗanon tuwon gidansu amma kullum dare can yake komawa. Mai kallon irin wannan fim ba tambayarsa ba ce ko za a yi auren, so yake ya ga ta yaya za a kai, wace kunya uban zai sha a hanya, yaushe asirin yara zai tonu.

Sai kuma rukuni na biyu, masu cewa ina darasi. Waɗannan su ne suka fi yawa a Facebook da gurup-gurup na WhatsApp, wasu ƴan boko ne wasu ustazai, amma bakinsu ɗaya, wai ana cikin tsadar rayuwa da rashin tsaro an zauna ana ɓata lokacin jama'a da shirme, fim ba faɗakarwa ba wa'azi. Wani mushe abokina, wato malamin makarantar boko, har cewa ya yi da kuɗin da aka kashe gara a yi shiri kan zuwan yara mata lakwal, wato makaranta. Ba na musun amfanin wancan, amma don Allah wa ya ce dole sai jarumi ya juyo ya fuskanci kamara ya yi huɗuba sannan fim ya zama mai amfani? Akwai wani wuri a fim ɗin da autar yaran ta zo da safe ta zauna gaban uban da tsinken kitso ta ce Baba yi min, yau ana duba kai a makaranta. Mutumin nan ya zauna yana fama, ya kama nan can ya warware, yarinya na ihu, ƙarshe ta fita da kitso uku kowane ya kalli gabansa, sai bazawarar ta hango ta a bakin ƙofa ta jawo ta ba tare da ta ce uffan ba ta zaunar da ita ta gyara. Duk gidanmu an yi dariya a wurin. Amma wani mai sayen kati a wurina wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa ya ce min shi a nan wurin tashi ya yi ya fita waje. Ba wanda ya tsaya a fim ɗin ya karanto falalar riƙon maraya, amma ban san wani shirin faɗakarwa da zai kai saƙon inda wannan kitson ya kai shi ba.

Kuma masu cewa lokacin wahala ba na dariya ba ne, ina suke a 2023 da aka rufe iyakarmu da Najeriya bayan juyin mulki, wutar da ke zuwa daga can ma aka yanke? Kaya sun yi tsada, motocin Kano sun tsaya har sai cikin watan Maris na 2024, amma fim bai tsaya ba, ta waya yake tsallakowa. Kuma a watannin nan abin da aka fi tambayata shi ne na dariya, mutum ya yi cajin waya da sola ya kwanta a tabarma a tsakar gida ya ɗan manta farashin shinkafa.

Mata su ne suka fi son fim ɗin amma su ne kuma suka fi iya kama masa laifi, kuma nasu laifin na gaskiya ne. Akwai inda bazawarar ta buɗe famfo tana wanke-wanke sai saƙo ya shigo wayarta, ta tsaya tana karantawa tana murmushi ruwa na ta zuba ƙasa, ana ta kiɗa mai sanyi wai soyayya. Malam Edita, a gidanmu ba wanda ya ji kiɗan nan. Innarmu ta miƙe zaune tana cewa "ke rufe famfon! rufe famfon don ubanki!" kamar matar na jin ta, matata na taya ta. Duk wanda ya san Damagaram ya san abin da ruwa yake a garin nan, yadda ake jera bidon, wato jarkoki, tun tsakar dare ana jiran famfo ya kawo, yadda ake bin ƴan garuwa da rani ana roƙo da kuɗinka. Tun daga wurin nan Inna ta koma bayan tsohuwar fim ɗin, ta ce mace mai ɓarnar ruwa haka ba matar aure ba ce, gara ɗiyar ƙanwar. Sauran ƙorafin nasu shi ne gidan ya yi kyau da yawa ga mutumin da aka ce ƙaramin ɗan kasuwa ne, falo kamar na minista, sannan bazawara ta tashi da asuba da jan baki da gashin ido cas. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari, masu fim ɗin Kano da Kaduna sun daɗe da wannan ciwon na aron gidan masu kuɗi.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na iyaye maza da ke cewa fim ɗin na koya wa yara raini, ga shiga wayar uba, ga jika na tsokanar kakarta tana ce mata kishiya. Na wayar dai gaskiya ne ba kyau, kuma a fim ɗin ma ba a bar su haka ba, da asiri ya tonu uban bai dake su ba amma kwana biyu bai yi musu magana ba, suka bi suka rame. Na kaka kuwa haba jama'a, yaushe wasan jika da kaka ya zama rashin tarbiyya a ƙasar Hausa? Mu da muka tashi kaka na ce wa jikanta mijina, yana ce mata ta tsufa ya sake ta, ga wasan taubasai, ga Barebari da Fulani da in suka haɗu a kasuwa sai wanda bai sani ba ya ɗauka faɗa ne, ga Zabarmawa da Buzaye. Wannan wasan namu na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Abin da muke alfahari da shi a taro shi ne kuma in an nuna a tele sai mu ce an lalata yara.

Amma babban dalilin da ya sa na ɗauki waya na rubuto wannan doguwar wasiƙar shi ne abin da ban ji ko mutum ɗaya cikin masu gardamar ya ambata ba. Tun daga farkon fim ɗin nan har ƙarshe ba wanda ya tashi daga ɗaki don kunya. Duk mai tele da parabol a gida ya san abin da nake nufi. Ana zaune ana kallon waɗancan masu dogon zango na Turkiyya ko na Birazil da ake fassarawa da Faransanci, uwa na nan, suruka na nan, yara na kwance a gaba, kwatsam sai namiji da mace su fara matsowa kusa da juna. Sai ka ga maigida ya kama tarin da ba shi da shi ya ce bari ya sabunta alwala, amarya ta tuna ta bar tukunya a wuta alhali an gama cin abinci tun ɗazu, babban yaro na lalube neman rimot ya danna ya ƙara murya maimakon ya canja tasha, ita kuwa tsohuwa sai ta hau salati tana kallon rufin ɗaki. Har an kai yanzu a gidaje da yawa kowa ya ja wayarsa ya shige lungu da abin kunne, tele na can na magana ita kaɗai. To wannan fim ɗin da ake rainawa shi ne ya zaunar da Inna da matata da ni da yara a tabarma ɗaya, soyayya ce fa ake yi a ciki amma duk ta ƙare a aiken kwanon abinci da gyaran wuyan riga da kallon ƙasa. Wanda yake ganin abu ne mai sauƙi a rubuta abin da zai ba tsohuwa dariya ya ba ɗan shekara bakwai dariya a lokaci guda ba batsa ba zagi, bismilla ya gwada mu gani.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun dai manta ne. Manyanmu suna ba da labarin zamanin Shugaba Kunce da ƙungiyoyin samariya, lokacin da Télé Sahel ta fara a 1979, unguwa guda tele ɗaya, a fito da ita waje a taru ana kallon wasan kwaikwayo na Hausa irin na su Yazi Dogo, ga kuma ƴan wasan gidan rediyon Damagaram da sunansu ya zaga ƙasa. Me suke nunawa in ba rikicin gida ba, kishiya, suruka, ɓarnar kuɗi a biki, ɗan birni ya damfari baƙauye? Da dariya aka sha su. Haka marigayi Ibro, yana raye ana ce wa finafinansa camama, masu ji da kansu ba sa yarda suna kallo, tun da ya rasu a watan Disamba na 2014 kuwa har yau ba a fasa zuwa shagona neman tsofaffin finafinansa ba, kuma har da masu cewa camamar. Batun ko masu fim na samun wani abu daga turin da muke yi, wannan wata wasiƙar ce daban, in ka ba ni fili wata rana zan faɗi nawa.

Roƙona biyu ne. Masu tasha don Allah ku duba lokacin da kuke sa maimaici, kun ɗora shi daidai tsakanin magariba da lisha, maza na masallaci mata na kicin, sai yara kawai ke gani su zo suna ba mu labari a karkace. Ku mayar da shi bayan lisha, kuma ku rage tallan nan na sinadarin miya da ke faɗowa a tsakiyar magana, sau nawa za a gaya wa mutum abu ɗaya a dare guda. Na biyu kuma ga yaranmu na nan Damagaram masu ɗora gajerun bidiyo na barkwanci a TikTok, wasunku wallahi kun iya, ku haɗa kai ku yi mana irin wannan mai tsawo da Hausarmu, a lungunan Birni ko Zango, gidan ƙasa da zaure da randa, uban yara ya zama ɗan kabu-kabu ko mai sayar da fata, bazawara kuma su fara haɗuwa da shi a layin famfo ƙarfe uku na dare suna faɗa kan bidon ɗin wa ke gaba. In kun rasa mai fitowa a tsohuwar ku zo ku tambayi Innarmu, amma ku zo da goro.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran waya, bakin kasuwar Dole, Damagaram, Jamhuriyar Nijar.