Tsoffin kalmomin shinge na Ingila da aikin da ke bayansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida domin in yi bayani kan shingayen itatuwa da suka rarraba gonakin Ingila. Wanda ya gansu a hoto zai ɗauka da kansu suka tsiro a jere. Aikin hannu ne, kuma tsoffin kalmomin da manoman ƙasar suka bari sun fi komai nuna yadda ake yinsa.

A tsohon Turanci shinge yana da sunaye kamar "hecg", "hege" da "haga". Daga na ƙarshen aka samo sunan "hawthorn", wato ƙayar shinge, itacen da aka fi dasawa don wannan aiki. Batun ya shiga doka tun da daɗewa. Sarki Ine na Wessex, tsohuwar masarauta a kudancin Ingila, wanda ya yi mulki daga 688 zuwa 726, ya ce dole manomi ya killace gidansa a kowane lokaci na shekara. Idan ya bar giɓi har dabbar maƙwabci ta shiga ta yi ɓarna, ba shi da abin nema, sai dai ya kore ta ya ɗauki asararsa. Daga baya ƙauyuka suka riƙa naɗa "hayward", mai kula da shinge da kama dabbobin da suka ɓalle, kuma aka ba ɗan haya haƙƙin "haybote", wato izinin saran itace a ƙasar ubangidansa don gyaran shinge.

Kalmar da ta fi muhimmanci ita ce "quickset", wato shingen da aka dasa da itatuwa masu rai. A da "quick" na nufin mai rai, saboda haka ana bambanta shinge mai rai da na busassun rassa. Mafi yawan miƙaƙƙun shingayen tsakiyar Ingila an dasa su ne tsakanin 1750 da 1850, lokacin da majalisa ta raba filayen gama-gari. Yau ana dasawa layi biyu a saɓe, tsiro biyar ko shida a kowace mita.

Dasawa kaɗai ba ta hana tunkiya wucewa. Itacen zai yi tsawo, gindinsa ya zama fayau. Shi ya sa ake kwantar da shi da hunturu, bayan ganye ya zube. Mai aiki zai fara share ƙayoyi da rassan da suka sarƙe. Sai ya sari karan da adda mai lanƙwasasshen baki, a karkace, dab da ƙasa, ya ci kusan kashi huɗu cikin biyar na kaurinsa. Ɓawon da ɗan naman itacen da suka rage su ne hanyar ruwa, da su karan zai ci gaba da rayuwa. Wannan kara da aka sara ba a tsinke ba shi ake kira "pleacher". Ana kwantar da shi a kan ɗan'uwansa, kansa a ɗage, kuma yana fuskantar tudu, domin ruwan itace sama yake hawa. In aka kwantar da shi ya dubi gangare, yakan mutu. In saran bai yi zurfi ba, karan zai tsage ya hau sama. In ya zarce, ya tsinke. Guntun da ya rage a tsaye a gindi kuma dole a datse shi sumul a karkace, in ba haka ba ruwan sama ya kwanta a kai ya ruɓar da kututturen da ake jiran sabon toho daga gare shi.

A salon tsakiyar Ingila, wanda aka yi don tare bijimai, ana kafa turaku kusan santimita 45 tsakani, a tufka tsumagun wani itace mai lanƙwasuwa da ake kira "hazel" a samansu su daddanne komai, tsayin ya kai kusan mita 1.4. A yankin Devon na kudu maso yammacin Ingila kuwa a kan tudun ƙasa ake kwantar da shingen, a maƙale shi da sanduna masu ƙugiya.

Abin da ke kashe shinge yanzu shi ne injin aski na tarakta. Ba injin ne da laifi ba, yadda ake amfani da shi ne. Idan ana aske shinge duk shekara a tsayi ɗaya, wurin yankan ya yi ƙullutu, toho ya taru a sama, ƙasa ta buɗe. Ƙayar shinge kuma a reshen bara take fure, don haka in an aske reshen tsuntsaye ba sa samun 'ya'yanta. Gara a yi aski bayan shekara biyu ko uku, a ɗaga bakin injin kamar santimita 10 kowane karo, in gindin ya fara buɗewa a sake kwantarwa. Ƙa'idar Ingila ta hana aske shingen gona daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta saboda sheƙar tsuntsaye, kuma dokar 1997 ta ce sai an sanar da ƙaramar hukuma kafin a tumɓuke shingen karkara.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Mai karatu