Wasiƙa kan cuɗanya tambayoyin lissafi

Assalamu alaikum, mutumina.

Shirun ya yi yawa, kuma na san in na tsaya jiranka sai shekara ta zagayo. Ya iyali, ya ɗalibai? Har yanzu kana cika allo da tambaya ashirin iri ɗaya?

Dalilin wasiƙar ma ke nan. Ka san kukanmu na kullum: yaro ya cinye aikin aji tas, ranar jarrabawa kuma ya zuba wa takarda ido ya rasa ta inda zai fara. To, Doug Rohrer na Jami'ar Kudancin Florida a Amurka da abokan aikinsa sun yi gwaji da yara 787 'yan aji bakwai (kwatankwacin ajin farko na ƙaramar sakandare), a azuzuwa 54, aka wallafa sakamakon a 2020. Wasu azuzuwan ana ba su atisaye iri ɗaya a jere yadda muka saba, wasu kuma ana cuɗanya musu tsohon darasi da sabo. Wata guda bayan bitar ƙarshe aka yi musu jarrabawar ba-zata. 'Yan cuɗanya suka ci kashi 61 cikin ɗari, sauran 38. Wallahi da na ga haka barci ƙaurace mini ya yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In shafi duka kan darasin yau ne, yaro ba ya buƙatar karanta tambaya, ya riga ya san dabarar. A jarrabawa kuwa babu mai raɗa masa, shi zai zaɓa, alhali ba mu taɓa ba shi damar koyon zaɓin ba.

Af, na ji ƙanwarka ta samu gurbin karatu, Allah ya sanya albarka. Dattijonmu kuma ya yi ritaya, amma kullum sai ya leƙo.

Na fara gwada cuɗanyar a ajina, kuma damuwata ita ce yara na ƙorafin aikin ya yi tsauri, shugaban makaranta ya soma tambayar me ya rage makin mako. Sabon darasi dai ina buɗe shi da misalan da aka warware daki-daki, salon da masu bincike Sweller da Cooper suka nuna amfaninsa a aljabara tun 1985, cuɗanyar ta biyo baya. Yaya zan shawo kan shugaban ya yi mini haƙuri zuwa ƙarshen zango? Kai ka fi ni iya lallashi, ka rubuto da wuri.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
abokinka